Haram ne a ci, toh a bar shi ya mutu da ƙishi fa?

Cikin watan Afrilun da ya wuce ne, lokacin nan da zafin Zariya yake kaiwa ko fanka ka kunna wuta take huro maka, muka yi kwana uku muna jin wata irin ƙara daga bayan layinmu, can ƙarshen Samaru inda gidaje suke fara haɗuwa da gonaki. Ƙara mai tsini kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, dare da rana. Kowa ya san kukan menene amma kowa ya yi kamar bai ji ba, saboda aladu ne. Mai su wani dattijo ne da ya yi ritaya ya zuba 'yan kuɗin sallamarsa a kiwon, ciwo ya kwantar da shi 'yan uwa suka ɗauke shi zuwa garinsu, yaron da ya bari yana ba su abinci kuma wata biyu ba a biya shi ba, sai ya ja ƙofa ya sa kwaɗo ya kama gabansa. Aladu bakwai a ɗan kewaye na bulo da rufin kwano, ba ruwa ba dusa. Ranar da na leƙa ta saman katanga biyu sun riga sun mutu, biyar na kwance suna haki, yara kuma sun samu abin wasa, suna hawa katanga suna jifa.

Da daddare a teburin mai shayi musu ya kaure. Wasu suka ce ba ruwanmu, mai kaya ya zo ya ji da kayansa. Wasu suka ce a fasa kwaɗon a kora su daji kowa ya huta da wari. Ashe muna nan muna surutu, tsohon ɗan garuwan da yake kawo mana ruwa tuni ya tura kurarsa can ya juye jarka biyu ta saman katanga. Da ya dawo wani matashi ya tare shi yace "Baba, alade ne fa!" Tsohon ko tsayawa bai yi ba yace "Toh ɗana, ce maka aka yi ci zan yi? Ruwa na ba shi."

Wannan amsar ce ta tsaya min a rai har yau, don na lura da yawanmu mun haɗa abu biyu mun ɗaure da igiya ɗaya, haramcin cin dabba da halaccin wulaƙanta ta, alhali kowanne hanyarsa daban.

Bari mu fara da yadda ake kaiwa ga haka, tunda ba wanda yake sayen dabba da kuɗinsa da niyyar ya bar ta ta mutu. Akuya in ka sake ta zata nemi ciyawa, ta ci ɓawon rogo a bola, ta dawo gida da yamma. Aladen gona da kajin gidan gona a kulle suke, duk abin da zai shiga bakinsu sai ka saya, masara, dusa, waken soya, tunkuza. Shi alade kuma baya tuƙa kamar saniya, cikinsa ya fi kama da namu, ciyawa zalla bata riƙe shi. Macen tana ɗaukar ciki wata uku da sati uku da kwana uku, wajen kwana 114 kenan, ta zubo 'ya'ya takwas ko goma wani lokaci ma fiye, wannan ne yake ruɗar masu shiga harkar suna ganin kuɗi ne yake haihuwa, sun manta duk bakin da aka haifa sai ya ci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, gidajen kaji nawa muka gani an rufe? Mai ƙaramin jari sati biyu kawai ya kwanta rashin lafiya komai ya wargaje.

Sai kuma cuta. Akwai zazzaɓin aladu na Afirka, baya kama mutum amma in ya shiga garke shara yake yi, kuma ba shi da magani. A 2020 ya shiga babbar matattarar masu kiwon aladu ta Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun, dubban ɗaruruwa suka salwanta, mutane suka rasa jarin da suka tara tsawon rayuwa. Mu nan jihar Kaduna mun san irin wannan ta ɓangaren kaji, don a Jaji ne aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a duk Afirka cikin 2006. In mai kiwo ya ga dabba ta fara faɗuwa kuma ba shi da tabbacin za a biya shi diyya in ya kai rahoto, ɗayan biyu yake yi, ko ya kwashe da sauri ya kai kasuwa ya raba wa mutane cutar, ko ya rufe ƙofa ya ɓace. Kuma kar a ce talaucinmu ne kawai, a Amurka da guguwar Florence ta afka wa jihar Karolina ta Arewa a 2018 aladu wajen 5,500 da kaji sama da miliyan 3 ne suka mutu, galibi ambaliya ta ci su a rumfunansu a kulle.

Akwai abin da ni kaina ban sani ba sai da wani ɗalibin likitan dabbobi da yake haya a layinmu ya zo wurin. Alade kusan baya gumi. Wannan birgimar da yake yi a taɓo da muke kira ƙazanta, ita ce hanyarsa ta sanyaya jiki, kuma in ka ba shi fili shi da kansa yake ware wurin kashi nesa da wurin kwanciya, mutum ne yake matse shi a ɗaki ɗaya har komai ya cakuɗe. Toh ka ɗauki dabbar da bata gumi ka sa ta ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Zariya ba ruwa, kaga ai gashi ake yi. Ɗalibin ma sai da ya yi wa Baba gyara, yace aladen da ya daɗe ba ruwa in ka bar shi ya sha ya cika ciki lokaci ɗaya ƙwaƙwalwarsa na iya kumbura ya shiga fizge-fizge ya mutu, kaɗan kaɗan ake ba shi a hankali. Wato tausayin ma sai da sani. Ya kuma hana duk wani mai kiwon aladu shiga wurin har sai an duba, don cutar nan a tafin takalmi ma tana bin mutum.

Yanzu zancen addini, don nan ne ainihin ƙullin yake. Cin naman alade haram ne, Alƙur'ani ya faɗa a fili a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, ba wanda yake jayayya da wannan kuma ni ba shi nake taɓawa ba. Amma duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Iziyya zai tuna inda aka ce duk mai rai mai tsarki ne, mutum ne ko waninsa, har da guminsa da yawunsa da hawayensa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a ciki wannan ya haɗa har da kare da alade matuƙar suna da rai. Mun karanta, mun haddace, amma da muka ga abin a bayan katanga sai muka manta. Ga hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa, sahabbai suka tambaya ashe muna da lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) yace a kowace ɗanyar hanta, wato duk mai rai, akwai lada. Karen nan fa shi ne wanda in ya sa baki a ƙwarya ake wanke ta sau bakwai, ba abin lele ba ne a wurinmu. Ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta bata ba ta abinci ba kuma bata sake ta ta nema da kanta ba. Dan Allah a sake karanta wannan siffar a duba in ba ita ce kwabo da kwabo da abin da ya faru a bayan layinmu ba.

Ni ba malami ba ne kuma bazan ɓoye cewa akwai saɓani ba. Akwai malaman da suka ce ladan ɗanyar hanta ya shafi dabbar da ba a yi umarnin kashe ta ba ne, akwai kuma masu ganin alade ana iya kashe shi. Na ji, na yarda akwai wannan. Amma ko a wurinsu kisa daban, azabtarwa daban. Hadisi na 17 a Arba'una, wanda yaran islamiyya suke rerawa kullum, cewa ya yi Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi kisa ku kyautata kisan, in za ku yi yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Toh a ina jifa da dutse da barin dabba kwana uku tana haki suka samu gurbi a nan? Wani abin da mutane ba su cika sani ba kuma, malaman Malikiyya sun ce in musulmi ya halaka aladen wanda ba musulmi ba da ake zaune da shi cikin amana sai ya biya shi, don a wurin mai shi dukiya ce. Su ma maƙwabtanmu Kirista littafinsu bai bar mai kiwo ya sha ba, a Karin Magana 12:10 an ce adali yana kula da ran dabbarsa. Kowa dai da nassin da zai kama shi.

Masu cewa a buɗe a kora su kuwa, wallahi su ne suka fi ba ni tsoro. Alade sakakke gonar mutane zai shiga ya tone rogo da dankali, ya bi bola da bayan gida a fili, ta nan ne tsutsar nan mai faɗi take zagayawa tsakanin alade da mutum, kuma ƙwanta in ya shiga cikin mutum ta ƙazamin hannu ko ganyen da ba a wanke ba yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya, ko da mutum bai taɓa ɗanɗana naman ba a rayuwarsa. Bar ma wannan. A jihar da muka san yadda rikicin addini na Kafanchan na 1987 ya biyo hanya ya iso har Zariya, ka saki aladu biyar cikin dare, ɗaya daga cikinsu ya faɗa harabar masallaci, kafin a gano cewa ƙishi ne ya kai shi an riga an rubuta wani labarin a Facebook.

A ƙasashen Turawa akwai masu wannan aikin na ceto takanas. A 1986 Gene Baur da abokiyar aikinsa suka kafa Farm Sanctuary a Amurka, dabbar farko da suka ɗauko wata tunkiya ce da aka jefar a kan tarin mushe a wani zangon dabbobi ana zaton ta mutu, suka sa mata suna Hilda ta yi shekaru tana raye. Tsarinsu shi ne dabbar da aka ceto ba yanka ba sayarwa, za a ciyar da ita har ta tsufa ta mutu. A Ingila kuma cikin 1998 wasu aladu biyu suka tsere a bakin mayanka a garin Malmesbury, suka yi iyo suka haye kogi, aka yi wajen sati ana neman su 'yan jarida na bin sawu har daga ƙasashen waje, ƙarshe jaridar Daily Mail ta saye su aka kai su inda suka zauna sama da shekara goma. Abin ya burge ni, bazan yi ƙarya ba. Amma ka duba lissafin mana, biyu sun samu suna da hoto a jarida, a duniya kuma sama da aladu biliyan ɗaya ake yankawa duk shekara, yawanci suna wata shida da haihuwa, dabbar da in an bar ta tana iya kaiwa shekara 15. A gonaki da yawa a Amurka har yanzu mace mai ciki a kejin ƙarfe take wanda ko juyawa bata iya yi, abin da ita Ingilar ta hana tun 1999. Mai suna ake tausayawa, dubun da ba su da suna kuma su wuce a mota.

Shin irin wancan gidan ceton zai yiwu a nan? Ni dai ban gani ba. Wa zai ciyar da alade shekara goma sha a garin da yaro yake bi gida gida da roba yana bara? In wani yace min mutane na kwana da yunwa kai kana zancen alade, bazan ce bai da gaskiya ba, yana da rabi. Sai dai jarka biyun Baba ba daga bakin wani almajiri aka ƙwace su ba, kuma yaron da ya saba jifan dabbar da take mutuwa manya na kallo suna dariya, ban san me muke tsammanin zai zama ba in ya girma ya samu wanda ya fi ƙarfi.

Kuma laifi tudu ne. Mu bar alade mu dawo kan wanda muke ci da bismilla. Ka tsaya a Kwangila ko Ɗan Magaji da yamma ka kalli tireloli masu gangarawa kudu da shanu, an ɗaure ƙaho an cusa su kamar buhuna, kwana biyu ko uku a hanya, wadda ta faɗi a take ta, a wurin saukewa kuma wadda ta kasa tashi a murɗe mata wutsiya a zabga mata sanda. Ka kalli kaji goma sha an ɗaure ƙafafu an rataye su kai ƙasa a jikin babur kusa da salansa mai zafi. Ka kalli ragunan Sallah a bakin titi tun safe har magariba cikin rana. Ka shiga kwata ka ga ana wasa wuƙa a gaban saniya ana yanka 'yar uwarta tana kallo, abin da malamai suka daɗe suna hanawa. Duk waɗannan halal ne, mu muke cin su.

Abin mamaki shi ne ba wai Bahaushe ko Bafulatani bai san tausayin dabba ba. Makiyayi ya san kowace saniya da sunanta da halinta, ya kira ta ta amsa. Tsohuwar da ta turke rago wata shida tana ba shi dusa da ƙasari, ranar da za a tafi da shi sai ta shige ɗaki don kar ta gani. Mun ce sabo da kaza baya hana yanka ta, gaskiya ne, amma karin maganar ma ai ta yarda akwai sabon. Inda abin yake lalacewa a tsakiya ne, daga lokacin da dabba ta bar hannun wanda ya rene ta bata kai hannun wanda zai ci ba. Dillali la'adarsa yake jira, mai lodi a kan kowane kai ake biyansa, direba a kan sawu, ba wanda a cikinsu asararsa ce in ta sha wahala matuƙar ta isa da numfashi. A nan ta tashi daga dabba ta koma kaya. Yaron da ya kulle aladun nan ya tafi shi ma a wannan tsakiyar yake, ba nasa ba ne, ba a biya shi ba. Kuma mai kayan yana asara bai sani ba, dabbar da ta galabaita kafin yanka namanta yana yin duhu ya yi saurin lalacewa, wurin da sanda ta sauka sai an yanke an zubar, fatar ma majema sun san tabon bulala yana karya mata kuɗi.

Abin da ya fi min ciwo, Zariya ce fa. Ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a nan Samaru, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, ilimin yana nan jibge a ƙofar gidanmu, dokar Penal Code ta Arewa ma ta daɗe da sa zaluntar dabba cikin laifuka, a 2024 kuma an kafa ma'aikatar tarayya sukutum ta bunƙasa kiwo. Amma a layinmu kwana uku ba wanda ya san wa za a kira. Da akuya ce ta ɓata da an san yadda za a yi, a kai gidan mai unguwa a yi cigiya a masallaci, tsari ne da muka gada. Alade bai shiga wannan tsarin ba, garin kuma ya riga ya cakuɗe, katangarka da ta mai kiwon alade ɗaya ce ko kana so ko baka so.

Ƙarshe dai mai unguwa ne ya warware, kuma da kiran waya biyu kawai. Ya nemo wani dattijo a cocin da mai aladun yake zuwa, shi kuma ya nemo ƙanin mai su. Aka fasa kwaɗon a gaban shaidu, aka haƙa rami mai zurfi aka binne mushen, ɗaya ya ƙara mutuwa washegari, huɗu suka tashi. Da aka duba ba cuta ba ce, yunwa ce da ƙishi kawai. Bayan sati biyu wani dillali mai kai kaya kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan ya zo da ƙaramar mota ya kwashe su, kowa ya san ƙarshensu wuƙa ce, kuɗin kuma asibitin mai su aka ce za a kai. Baba ya tsaya kai da fata sai an ba su ruwa an kuma jira rana ta yi sanyi kafin a yi lodi, dillalin yana ta duba agogo yana tsaki.

Da motar ta tashi dattijon cocin ya ciro kuɗi yace "Malam, jarka nawa ne duka?" Baba ya lissafa da yatsu yace goma. Ya karɓi kuɗin takwas ya mayar masa da sauran, yace biyun farko ba na sayarwa ba ne.